Tantanin ƙwayar halitta ya cika ba masaka tsinke: to ta ina sinadarai ke bi su motsa?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da dare. Ina aji biyu a jami'a, sashen biyokemistiri, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun laccar jiya. Tun muna sakandare hoto ɗaya ake zana mana na tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta: layi biyu na maiƙo, sai furotin uku ko huɗu suna shawagi a ciki kamar kwale-kwale a tafki. Jiya kuma malaminmu ya ce tantanin jan ƙwayar jini kusan rabin nauyinsa furotin ne, na cikin mitokondiriya kuwa, wato ɗan sashen da ke samar wa ƙwaya ƙarfi, ya kai wajen kashi 75 cikin 100. In haka ne ai wurin ba masaka tsinke. To ta ina abu zai bi ya motsa? Ko hoton da aka koya mana ne ba daidai ba?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam Hauwa'u. Shekara 17 ina koyar da bayoloji a Gusau, kuma hoton nan nake zanawa a allo duk shekara. Ba ƙarya ba ne. Singer da Nicolson ne suka fitar da shi a 1972, kuma ba da ka suka zana shi ba. Shekara biyu kafin nan Frye da Edidin, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, sun haɗe ƙwayar ɓera da ta mutum suka zama guda. Suka yi wa furotin ɗin ɓera alama da kore, na mutum da ja. Da farko kowane launi yana gefensa. Bayan minti 40 a ɗumi irin na jikin mutum, kore da ja sun cakuɗe ko'ina. Da aka sanyaya ƙwayoyin kuma, sai cakuɗewar ta ja baya sosai. Gani ya kori ji. Abin yana motsi.

Hauwa'u:
Na gode Malam. Ban musa cewa yana motsi ba. Yadda yake motsin a cikin cunkoso ne ban gane ba.

Sale:
Ku tsaya tukuna, wane motsi ake magana? Ni ma'aikacin lab ne a asibiti, abin da na sani shi ne shiga da fita. Ruwa ya shiga ƙwaya, gishiri ya fita. In ka sa jan ƙwayar jini a tsurar ruwa sai ta kumbura ta fashe, kullum muna ganin haka.

Nura:
Yaya Sale ya taɓo inda ake yawan rikicewa. Motsi iri biyu ne. Akwai ƙetare tantani, daga waje zuwa ciki ko daga ciki zuwa waje. Akwai kuma yawo a cikin tantanin kansa, gefe da gefe, ba tare da an fita daga cikinsa ba. Na farko kamar shiga gida ta ƙofa ne, na biyu kamar ƙofar ce da kanta take zagaya katanga. Hauwa'u na biyun take tambaya.

Ni fizis na karanta, bari in faɗi abin da ɓangarenmu ya sani. Molekul, wato ɗan ƙanƙanin ɓurɓushin sinadari, ba ya neman hanya. Ba shi da inda ya nufa. Zafi ne ke sa duk abin da ke kusa da shi yana rawa yana bangaje shi ta kowane gefe, sau ba adadi a daƙiƙa guda. Robert Brown ya ga irin wannan rawar a madubin ƙara girman abu a 1827, Einstein ya yi mata lissafi a 1905. Abin da lissafin ya nuna shi ne nisan da abu zai yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da lokaci. In kana so nisa ya ninka biyu, sai lokaci ya ninka huɗu. Ɗauki molekul ɗin maiƙo a tantani mai sauƙi: yakan yi nisan maikuromita 2 a daƙiƙa ɗaya, wato tsawon bakteriya guda (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Amma maikuromita 20 sai ya ci daƙiƙa 100, ba 10 ba.

Malam Bashir:
Ni da ɗawafi nake kwatanta wa ɗalibai. Cunkoso ya kai cunkoso, amma kowa yana tafiya.

Nura:
Malam, a gafarce ni, kwatancen bai zauna ba. Mai ɗawafi ya san inda ya dosa, jama'a duka gefe guda suke bi. A tantani babu alƙibla. Ya fi kama da Kantin Kwari ana jibi salla, amma a ce kowa an rufe masa ido, kuma ba mai neman rumfar kowa. Wanda ke gabanka ya gusa, gurbi ya buɗe, turi ya jefa ka ciki. Ba sai an share maka hanya ba. Muddin maƙwabtanka su ma suna motsi, gurbi ba ya ƙarewa. Matsala tana farawa ne in wasu sun kafe wuri guda ba sa gusawa.

Dakta Rabi:
Sannunku da hira. Nura, jimlarka ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar, bari in ɗora daga nan, don a kan tantani na yi bincikena na digiri na uku.

Hauwa'u ƙanwata, tambayar da kika yi ta hana manyan masana barci fiye da shekara ashirin. A 1976 wasu masu bincike a jami'ar Cornell, cikinsu akwai Axelrod da Webb, sun daidaita wata dabara mai kyau. Za a shafa wa molekul ɗin tantani rini mai ƙyalli, sai a haska leza mai ƙarfi a ɗan wuri ƙarami har rinin wurin ya ƙone ya zama baƙin tabo. Sai a zauna a kalli yadda masu ƙyalli daga gefe ke shigowa suna cike tabon. Saurin cikewar shi ne saurin yawon. Da aka yi ta aunawa sai abu biyu suka fito. Na ɗaya, a ƙwaya mai rai yawon ya fi na tantanin da aka haɗa a lab jinkiri, daga ninki 5 har zuwa 50. Na biyu, sau da yawa tabon ba ya cika duka, alamar wasu furotin a ɗaure suke.

Sai aka ce ai cunkoso ne. Cunkoso yana rage sauri, babu shakka, amma da aka cusa furotin da yawa a tantanin lab, raguwar ba ta kai wadda ake gani a ƙwaya mai rai ba. Aka ce to girman furotin ne. Nan ma ba ta ɓulle ba, don tun 1975 Saffman da Delbrück sun nuna a lissafi cewa a cikin shimfiɗaɗɗen ruwa mai kauri irin tantani, girma bai cika rage sauri ba. Furotin da ya ninka wani goma a faɗi ba zai ninka shi goma a nawa ba, ko kusa. Ke nan da walakin.

Amsar farko daga jini ta zo, Sale wannan fagenka ne. A ƙarƙashin tantanin jan ƙwayar jini, ta ciki, akwai raga da furotin mai suna sifektirin ya saƙa. A 1980 Sheetz da abokan aikinsa sun samu wasu ɓeraye da aka haifa da ƙarancin wannan raga, suka auna yawon furotin ɗin tantaninsu. Ya ninka na lafiyayyen ɓera kusan sau 50. Maiƙo iri ɗaya, furotin iri ɗaya, raga ce kawai babu.

Hauwa'u:
Wato Anti, abin da ke tare su ba a cikin tantanin yake ba, a ƙarƙashinsa yake?

Dakta Rabi:
Rabinsa ke nan. Furotin da ya ratsa tantani yana da jela da ta leƙo cikin ƙwaya, jelar ce ke karo da ragar. A sauran ƙwayoyin jiki ragar yawanci ta wani furotin ce mai suna aktin. Ki ɗauka kamar kara ta dabbobi da aka yanka gida-gida da shinge. A cikin gida guda dabba na zagayawa yadda take so, amma shiga na maƙwabta sai shinge ya ɗan buɗe ko ya sunkuya.

Wanda ya fi kowa bin wannan zance shi ne Akihiro Kusumi na Japan. Dabararsa ita ce ya daina auna taro, ya bi molekul guda ɗaya tak. A aikin da suka fitar a 2002, sun maƙala ɗan ƙwallon zinare mai faɗin nanomita 40 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita) a kan molekul ɗin maiƙo guda, a ƙwayar ƙodar gafiya, suka ɗauki hotonsa sau 40,000 a daƙiƙa. Sai suka ga yana kai-komo da sauri a cikin wani ɗan fili mai faɗin kamar nanomita 230, saurinsa a ciki kusan ɗaya da na tantanin lab. Yakan zauna wajen kashi 11 cikin 1000 na daƙiƙa, sai ya tsallaka filin gaba, ya sake kai-komo, ya sake tsallakawa. Kyamarar bidiyo ta yau da kullum hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa. Kafin ta ɗauki hoto na biyu ya riga ya tsallake shinge biyu ko uku. Shi ya sa duk shekarun nan ake ganin kamar tafiyar hawainiya yake yi, alhali gudu yake yi a ɗaki ƙarami.

Auwal:
Dakta, ina da ja a nan, har biyu. Na farko, kin ce jelar furotin ce ke karo da ragar. To maiƙon da ke layin waje ba shi da jela, bai ma taɓa cikin ƙwaya ba. Me zai tare shi? Na biyu, molekul ɗin maiƙo faɗinsa bai kai nanomita ɗaya ba, an ɗaura masa zinare mai nanomita 40. Kamar a ɗaura wa ɗan akuya amalanke ne a ce za a auna yadda yake tsalle. Ta yaya za a tabbatar ba amalanken ce ke sarƙewa ba?

Dakta Rabi:
Auwal, tambayoyin nan biyu su ne ainihin waɗanda masana suka yi masa, kuma sun cancanta.

Ta farko, amsar Kusumi ita ce turaku. Wasu furotin da suka ratsa tantani daga sama har ƙasa a ɗaure suke a jikin ragar, sun jeru a kanta kamar turakun da aka kafa a bin shinge. Su sun kai har layin waje. Maiƙo ba ya ganin shingen, amma yana karo da turakun. Kuma ba sai turaku sun toshe layin duka ba, don ruwan maiƙon da ke dab da kafaffen abu shi ma nauyi yake yi, kamar yadda ruwan kogi ke lafawa a bakin gaɓa.

Ta biyu ta fi wuya. Gaskiya ne zinare na iya kama molekul fiye da ɗaya, ko ya goga da sukarin da ke saman ƙwaya. Abin da ya ƙarfafa zancen shinge shi ne hujjojin da suka zo ta wasu hanyoyi. In aka sa maganin da ke warware aktin, filayen sai su faɗaɗa. A 2006 an ɗauki hoton ragar kanta da madubin ilektiron, girman idanunta ya yi daidai da girman filayen da aka ƙiyasta daga yawon. Amma a 2009 Eggeling da Stefan Hell a Jamus sun auna da ɗan rini ƙarami ba zinare, a irin madubin da ya ba Hell kyautar Nobel a 2014. Sun ga wani nau'in maiƙo yana ɗan maƙalewa na kashi 10 zuwa 20 cikin 1000 na daƙiƙa a wurare ƙanana ƙwarai, wani nau'in kuma yana wucewa kusan ba tsaiko. Ni a fahimtata, shinge ga furotin tabbas ne. Ga maiƙo kuwa ya danganta da irin maiƙon da irin ƙwayar, kuma ban yarda da mai cewa doka ɗaya ta hau kowa ba.

Auwal:
Na gamsu da ta farko. Ta biyu kuwa na ji daɗi da ba ki rufe ta da ƙarfi ba.

Maman Abba:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba 'yar kimiyya ba ce, ɗinki nake yi. Ɗana na biyu yana da sikila, shekararsa tara. Na ji ana ta ambaton jan ƙwayar jini da raga. Shin wannan ragar ce ke lalacewa a jikinsu? Kuma me ya sa kullum likita ke ce mana ya sha ruwa, ya sha ruwa?

Sale:
Maman Abba, Allah ya ba Abba lafiya, ya sa kaffara ne. Asalin ciwon ba a tantani yake ba, a himoglobin yake, wato sinadarin cikin ƙwayar da ke ɗaukar iskar oksijin. In oksijin ya yi ƙasa, irin nasu sai ya harhaɗu ya zama dogayen sanduna, su tokare ƙwayar daga ciki ta lanƙwashe kamar lauje. Amma tantani ne ke shan wahalar. Lafiyayyar ƙwaya faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 ne, tana matsewa ta wuce tsagar saifa da ba ta kai rabin faɗinta ba, ta dawo siffarta, haka har kwana 120. Ta mai sikila, lanƙwasa da miƙewa sau da yawa kan sa ragar ta sandare. Kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Shi ne ƙarancin jinin da kike gani.

Dakta Rabi:
Amin. In ƙara a kan na Sale, Maman Abba, maganar ruwa tana da tushe. A tantanin akwai wata ƙofa da ake kira da sunan Gardos, masanin Hungari da ya gano aikinta a 1958. A ƙwayar sikila takan yawaita buɗewa, gishirin fotasiyam ya fita, ruwa ya bi shi. Ƙwaya ta bushe, himoglobin ya yi kauri, shi kuma da ya yi kauri ya fi saurin zama sanduna. Rashin ruwa a jiki, ko daga zafin rana ko zazzaɓi ko gudawa, yana daga abubuwan da ke tayar da ciwon. Ki riƙe maganar likitanku da kyau, musamman a bazara.

Ga ɗalibai kuma, ku lura da yadda wannan ya dawo da mu kan tambayar Hauwa'u. Furotin da ya fi yawa a tantanin jan ƙwayar jini shi ne Band 3, an sa masa sunan ne don shi ne layi na uku da ke fitowa in an tace furotin ɗin tantanin. Kowace ƙwaya na da kusan miliyan ɗaya, aikinsu musanya kilorayid da bayikabonet don a kwashe iskar da muke fitarwa. A lafiyayyar ƙwaya a warwatse suke. In lalataccen himoglobin ya manne a jelarsu sai ya tattaro su curi-curi, garkuwar jiki ta gane curin, a kama ƙwayar a cinye. Haka jiki ke gane tsohuwar ƙwaya, kuma a sikila abin na faruwa da wuri. Furotin ɗin bai canja ba, wurin tsayuwarsa ne ya canja, kuma wannan kaɗai ya isa a yanke wa ƙwaya hukunci.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na san dalilin ruwan. Zan karanta wa babansu.

Hauwa'u:
Anti, ke nan shingen ba cikas ba ne kawai, amfani gare shi?

Dakta Rabi:
Sosai. Ki duba ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji. Gefen da ke kallon abinci yana da furotin mai jawo sukari tare da sodiyam. Gefen da ke kallon jini yana da famfon da ke fitar da sodiyam, uku waje, fotasiyam biyu ciki. Akwai ɗamara da ta zagaye ƙwayar ta hana na sama gangarowa ƙasa. Da za su cakuɗe kamar kore da jan da Malam Bashir ya faɗa, da hanji bai iya tsotsar komai ta gefe guda ba. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai amai da gudawa a kan wannan rabon yake aiki: sukari da gishiri su shiga tare ta sama, gishiri ya fita ta ƙasa, ruwa ya biyo.

Akwai kuma abin da ya fi burge ni. Furotin mai karɓar saƙo, shi kaɗai yana iya tsallake shinge. Da saƙo ya zo suka haɗu biyu ko huɗu, sai tsallakewa ta yi wuya, su maƙale a filin da saƙon ya same su. Ta haka ƙwaya ke riƙe ta wane gefe aka taɓa ta.

Malam Bashir:
Dakta, na ƙaru, ba na musu. Amma ku ji tawa. Ina da yara 80 a aji, darasi minti 40, kuma a jarrabawar WAEC da NECO hoton 1972 ake tambaya. Yaron da bai riƙe cewa layin maiƙo biyu ne ba, in na kawo masa raga da turaku ai na rikita shi. Sai an yi rarrafe ake tashi tsaye.

Nura:
Malam, ba wanda ya ce a jefar da hoton. Amma Hauwa'u ɗalibar wani malami ce irinka, ta riƙe hoton da kyau, kuma shi ne ya hana ta gane laccar jiya. Furotin uku a allo sun koya mata cewa fili ne fetal.

Malam Bashir:
Allo ne ya ja haka. Alli ba ya zana furotin dubu.

Dakta Rabi:
Ina tare da kai a kan jarrabawa, Malam, kada yaro ya faɗi saboda mu. Su kansu Singer da Nicolson ba su ce babu abin da ke ɗaure furotin ba, zanen ne ya fi rubutunsu yaɗuwa. A 2005 Donald Engelman na jami'ar Yale ya sake zana hoton a mujallar Nature, furotin manne da furotin, kaurin tantanin ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Bayan ka gama zanen da za su rubuta a jarrabawa, ka ƙara jimla biyu: a zahiri wurin cike yake, kuma akwai raga a ƙasa. Wanda zai ci gaba cikinsu zai tuna.

Malam Bashir:
Jimla biyu zan iya. Abin da na saba yi shi ne in zo da man shanu da man gyaɗa a hunturu, su ga ɗaya ya daskare ɗaya yana zuba, in ce musu bambancin lanƙwasar jelar maiƙo ne, kuma tantani ya fi kusa da man gyaɗa. Yanzu ina tunanin ranar Litinin in fitar da su fili, in ja igiya gida-gida a ƙasa, in tsayar da goma a kan igiyar su zama turaku, sauran su yi ta kai-komo, mu ƙirga mutum nawa ke tsallakawa a minti guda.

Auwal:
Malam, in za ka yi, ka fara ƙirgawa babu turaku, sannan da turaku biyar, sannan goma. In ba ka da na farkon ba abin da za ka gwada sauran da shi.

Nura:
Kuma kada su kalli inda gurbi yake su nufe shi, in suka yi haka ya zama ɗawafi. Ka sa su riƙa juyawa duk sanda ka tafa.

Hauwa'u:
Malam don Allah ka turo mana alƙaluman a nan in kun gama. Anti Rabi, saura tambaya ɗaya, malaminmu ya ambaci wasu tsibirai na kolestarol da Simons da Ikonen suka kawo zancensu a 1997. Su a cikin filayen suke zama, ko suna haye shingen?

Dakta Rabi:
Wannan doguwa ce Hauwa'u, kuma dare ya yi, gobe da asuba ina da aiki a lab. Ki buɗe mata zare daban bayan la'asar, zan shigo in sha Allahu. Auwal, kai ma ka zo, don a wancan zancen ja ya fi na yau yawa.